Zuwa ga Vegetan Auyo, Mai Wutar da Ba Ta Kai Tsakiyar Fili

Ɗan Gwaggo,

Gaisuwa irin ta ubangida ga yaron gidansa. Ina fatan Gwaggo tana nan lafiya, ciwon gwiwar ya yi sauƙi, shinkafar rani kuma ta tsira daga bakin jan-baki. Bayan haka ina yi maka jaje. Labari ya iso mana Hadejia cewa an sake cilla ka sama a gidan gem na bakin kasuwarku, kuma wanda ya cilla ka ɗin ɗan firamare ne, wanda in ya zauna a benci ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. An ce da ya gama da kai bai ko tsaya murna ba. Ajiye hannun gem ya yi, ya ce a yi masa uzuri, tun ɗazu aka aike shi sayen magi.

Na yi maka nasiha a waya, ka ce sabis ba kyau. Na ba direban motar Auyo saƙo, ka ce bai faɗa maka ba. To ga shi na rubuta a inda Jigawa duka za ta karanta, in ya so ka ce ita ma takardar sabis ɗinta ba kyau.

Saboda iyayenmu masu bin wannan shafi, waɗanda za su ce me ake cillawa kuma, bari in warware musu. Akwai wani labarin zane na ƙasar Japan mai suna Dragon Ball, wanda Akira Toriyama ya fara fitarwa a mujallar Weekly Shonen Jump a 1984. Daga takarda ya koma katun na talabijin, daga nan ya shiga na'urorin gem. Mutumin ya mutu a watan Maris na 2024 yana da shekara 68, bai taɓa sanin akwai wanda ke zubar masa da mutuncin aiki kowace yamma a Auyo ba. Jarumin labarin Goku ne. Babban abokin hamayyarsa kuma Vegeta, wani ɗan sarki mai girman kai da gashi a miƙe. Mayaƙan suna da wani ƙarfi a jiki da ake kira ki, yaranmu kuma su ce fawa. In mayaƙi ya tara shi, sai ya haɗa tafukan hannu ya saki wata doguwar wuta mai haske wadda ke iya rusa dutse. Ta Goku shuɗiya ce, sunanta Kamehameha. Ta Vegeta shunayya ce, sunanta Galick Gun. In mutum biyu suka saki tasu a lokaci guda, sai su haɗu a tsakiyar fili su dunƙule, kowa yana tura dunƙulen wajen ɗan'uwansa. Wanda ya fi turi ya tsira, ɗayan kuma ya sha wutar. Wannan shi ne gamon wuta, kuma a nan ne taubashina yake rabuwa da kuɗinsa, domin dokar gidan gem ba ta canzawa: wanda aka ci shi ke biya.

Faifan da ake bugawa a wurinsu shi ne Budokai Tenkaichi 3, wanda kamfanin Spike ya yi a 2007 domin PlayStation 2 da Wii. Yana da mayaƙa 161 in aka haɗa da sauye-sauyen kamanninsu. Ka lura da kyau, Ɗan Gwaggo: faifan ya girmi yaron da ya doke ka. Kana murza wannan hannun tun uwar yaron ba ta yi aure ba. Kuma cikin mayaƙa 161 ɗin nan babu ko ɗaya da ka taɓa ɗauka wutarsa ta ƙetare tsakiyar talabijin.

Na san abin da za ka fara da shi, domin ku mutanen Auyo ba a raba ku da tarihi. Za ka ce Auyo ta riga Hadejia kafuwa, tana da sarautarta tun ba a san Fulani za su yi sarauta a ƙasar nan ba. Na yarda. Za ka ce har harshe na kanku kuka taɓa yi, kafin ku yar da shi ku rungumi Hausa. Na yarda da wannan ma. Daga nan sai ka miƙe tsaye ka ce ai a ƙasarku, a Kaffur, Sarki Buhari ya tarwatsa rundunar da aka haɗo masa da umarnin Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19. Gaskiya ne. Sai dai ka manta Buharin nan Sarkin Hadejia ne. Ku fili kawai kuka bayar. Kuma har gobe abin da kake bayarwa ke nan: fili, a zo a yi nasara a kanka a koma gida.

Yanzu zauna in karantar da kai, kyauta, albarkacin Gwaggo. Maganar duka guda ɗaya ce. Gamon wuta ana cin sa ne tun kafin wutar ta haɗu. Abin da ido ke gani a tsakiyar fili sakamako ne kawai ake kafewa, an riga an zana jarrabawar.

Mu fara da ajiya. A saman talabijin, ƙarƙashin layin jini, akwai ma'aunin fawa mai gida biyar. Da maɓallin L2 ake cika shi, kuma duk lokacin da mayaƙi yake caji a tsaye yake cak, ƙirji a buɗe, ko tsohuwa ta zo ta mare shi. Shi ya sa mai hankali ba ya caji sai ya yi wa abokin karawa bugun da ya jefa shi can bayan dutse, ko shi kansa ya sami inda ya fake. Kai kuwa da ka ga fawar ta kai ta harbi ɗaya, jikinka ya hau rawa, ka danna L2 da tirayangul ka saki. Yaron ya goce gefe, wutarka ta je ta rusa dutsen da bai yi maka komai ba. Ka sake tarawa, ka sake saki, ya sake gocewa. Shi duk wannan lokacin ma'auninsa cike yake, bai taɓa ko gida ɗaya ba. Sai ya ga ka koma fanko, sannan ya saki tasa. A lokacin ba ka da abin mayar da martani, sai dai ka tsaya ka karɓa da fuska. In kuwa ya ga dama ya shiga gamo da kai, to shi ya zaɓi lokacin, yatsunsa a shirye, kai kuma kana tsakiyar haki.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne a ce ɗan Auyo ne bai gane wannan ba. Ɗan Gumel ko ɗan Maigatari in bai san darajar tare ruwa ba, sai a yi masa uzuri. Amma ku rayuwarku kaf a kan wannan ilimi take tsaye. Ruwan da kuke noman rani da shi, tun daga Tiga aka tare shi, madatsar da aka gama a 1974, da ta Challawa da ta biyo baya a 1992. Ya gangaro ya zo Gamsarka, nan ma aka sake tare shi, aka sa masa ƙofofi, ana sakinsa cikin babbar hanya, daga ita zuwa ƙanana, daga ƙanana zuwa fangalin kowa. Aikin nan na Kwarin Hadejia, mai sama da hekta 5,000, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya zo har ƙasarku ya buɗe a watan Janairun 2023 bayan an gyara shi, ba komai ba ne illa dabarar hana ruwa gaggawa. Kai da kanka na ji kana yi wa ƙanenka faɗa a gona, kana cewa ba a ɓalle bakin hanya gaba ɗaya, sai a bar ruwa ya shiga fangali ɗaya ya ƙoshi sannan a juya shi na gaba. Kun kuma ga abin da ruwa ke yi in ya zo duka a dare ɗaya, domin 2022 ba ta yi nisan da za a manta ba, Allah kada Ya maimaita mana. Ruwan da aka tare aka saki da lissafi shi ke zama buhunan shinkafa. Wanda ya ƙwace ya zo a guje, bango yake kayarwa ya wuce ya bar laka. To me ya sa a gona kai injiniya ne, amma da ka shiga gidan gem sai ka zama ambaliya?

Na biyu, murzar kanta. In wutar biyu ta haɗu, faifan zai ce a juya sandunan analog, ya kuma riƙa ƙirga wa kowa nasa. Wanda lissafinsa ya fi yawa lokacin da aka rufe shi ya ci. Na'urar zagaye take ƙirgawa, ba ta auna gumi. Wanda ya iya yana yin da'ira cikakkiya, mai santsi, da sauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe, kafaɗarsa a sake, gwiwar hannunsa a wuri guda. Ba ya farawa sai gamon ya fara. Kai kuwa waɗanda suka gani da idonsu sun ba ni labari dalla-dalla. Tun Vegeta yana ja da baya yana haɗa hannu ka riga ka fara murza, ba a ma buɗe lissafin ba. Ka kifa hannun gem a cinya, ka danna tafin hannunka a kan sandar, ka tashi da kafaɗa da ƙugu da wuya, benci yana ƙara, mutum uku da ke zaune a kai suna kama bango. Sandar kuwa ba zagayawa take yi ba, gaba da baya kawai take bugawa. Kafin a kai rabin gamon numfashinka ya ƙare. Daidai lokacin da yaron yake ƙara sauri, kai kana neman wanda zai miƙo maka fiya wata.

Daga nan ne bororon nan ya samo asali. Kada ka yi musu, na gan shi ranar sunan gidan Kawu Ƙarami, ƙato a tsakiyar tafin hannun dama, har ka kasa yin loma sai da cokali. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ka je ka nuna wa Gwaggo, ka marairaice, ka ce fartanya ce. Baiwar Allah ta tausaya, ta sa maka albarka, ta ce duk cikin 'ya'yanta babu mai zuciyar nema irinka, har ta sa aka dama maka fura da nono mai kauri. Ka sha furar nan da haƙƙi, Ɗan Gwaggo. Manomin da ya shekara yana riƙe ƙota kanta yake yi a gindin yatsu, ba bororo zagayayye a tsakiyar tafi ba. Duk wanda ya taɓa shiga gidan gem ya san wannan hatimin.

In zai sanyaya maka rai, ba kai ne farau ba. Kamfanin Nintendo ya taɓa fitar da wani gem mai suna Mario Party a 1998, wanda shi ma akwai wuraren da ake juya sanda da sauri. Yara a Amurka suka yi ta murzawa da tafin hannu har fata ta saluɓe. Ƙorafi ya yi yawa, har a shekarar 2000 Babban Lauyan jihar New York ya sa kamfanin ya amince zai raba safar hannu ga waɗanda suka sayi gem ɗin. Kada ka fara murna. Kamfanin ba ɗaya ba ne, shekaru sun ja, kuma su waɗancan yara ne. Kai mai gemu ne, da iyali, da katin zaɓe.

Na uku, ihu. Na san inda ka samo wannan. A katun ɗin, in jarumai za su saki wuta sai su yi ta kururuwa har ƙasa ta tsage, duwatsu su tashi sama. Sai ka ɗauka kururuwar ce ke tura wutar. Ɗan'uwana, PlayStation 2 ba ta da kunne. An sayar da ita sama da miliyan 150 a duniya tun fitowarta a shekarar 2000, kuma ko ɗaya ba a yi mata kunne ba, balle ta Auyo da aka sayo ta hannu. An ce ranar da ka kwarara naka ihun, mai shayin da ke maƙwabtaka ya saki buta, akuyoyin da ke kwance a gindin katanga suka watse, wani dattijo kuma ya fito da gora yana tambayar ina ɓarawon. Duk wannan bai ƙara maka ko ɗaya a lissafi ba. Iskar da ka kashe a maƙogwaro ita ce wadda hannunka ya nema ya rasa. Yaron kuwa bakinsa a rufe, sai ɗan harshe da ya leƙo ta gefe.

Na huɗu shi ne wanda ya fi yi maka wuyar haɗiya: ba kowace wuta ake tara ba. Faifan ya ba ka hanyoyin tsira. Kana iya gocewa gefe. Kana iya karewa, jinin da za ka rasa ya ragu. In ka iya lokaci, kana iya danna maɓallin karewa daidai isowar wutar, ka ɓace ka bar ta ta wuce. Gwanaye ba sa shiga gamo sai sun tabbata hannunsu ya huta, sandarsu lafiya lau, kuma in an ci su jininsu zai iya ɗauka. In sharuɗɗan nan ba su cika ba sai su kauce, babu kunya a ciki. Hausawa suka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma kai a ganinka gocewa ragwanci ne, wai namiji ba ya kauce wa wuta. Jininka saura ƙiris, yana ja yana ƙiftawa, hannunka yana zogi, amma da ka ga an haɗa tafuka sai ka ce a zo a yi ta ta ƙare. Tana kuwa ƙarewa. Mai rabon shan duka ba ya jin kwaɓa.

Wannan girman kan ne ma ya haɗa jininka da Vegeta, har ka sa yaran unguwa suke kiranka da sunan, ka liƙa hotonsa a bayan babur. Amma ka taɓa zama ka kalli labarin gwanin naka da idon basira? Gamon wuta mafi shahara a Dragon Ball kaf shi ne na karon farko tsakaninsa da Goku a cikin duwatsu. Vegeta ya tashi sama a fusace, ya ce zai hallaka duniyar gaba ɗaya da Galick Gun. Goku ya tare shi daga ƙasa da Kamehameha. Wa aka cilla cikin gajimare? Gwaninka. Wato cikin mayaƙa 161 ka bi layi ka zaɓi wanda duniya ta san shi da shan kaye a daidai wannan fanni. Ko a nan za a gane zaɓen mutum.

Kuma akwai darasi a ɓangaren wanda ya ci ɗin ma. Goku yana da wata dabara, Kaio-ken, mai ninka ƙarfin jiki. Malaminsa ya gargaɗe shi kada ya wuce ninki biyu. A faɗan nan ya kai uku, da gamon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya tafi huɗu. Ya yi nasara, amma jikinsa ya yi tsamin da abokinsa Yajirobe ya ɗan dafa shi don taya murna sai da ya yi ƙara. Vegeta kuma ya sauko daga sama ya rikiɗa ya zama ƙaton biri, ya tattaka Goku. Ka ga ko jarumin labarin, da ya ci bashin ƙarfi, sai da ya biya da haƙarƙarinsa. Balle kai da kake cin bashin ka kuma sha kaye a lokaci guda.

Ga kuma gamon Gohan da wani mugun mayaƙi mai suna Cell, wanda ya kamata ya zama maka izina. Gohan yaro ne ƙarami, hannunsa na hagu ya samu rauni, da hannu ɗaya ya saki wutarsa. Ya daure, ya riƙe, bai zazzage abin da ke cikinsa ba sai da hankalin Cell ya rabu, sannan ya tura gaba ɗaya. Ka san wanda ya raba hankalin Cell ɗin? Vegeta ne, daga gefe, da ɗan harbi guda. Wato babban amfanin da gwaninka ya yi a ranar shi ne tsayawa a gefe ya taimaka wa yaro. Ina ganin a nan akwai aikin da zai dace da kai a gidan gem: ka tsaya a bayan benci kana yi wa yara fifita.

Amma in gaskiya za a bi, ba Vegeta ne takwaranka a labarin ba. Vegeta ko ba komai yana atisaye, kuma in an doke shi yana haɗiye maganarsa. Takwaranka shi ne wani mai gashin baki da ƙaton ɗamara, wanda a fassarar Amurka ake kira Hercule. Shi ne zakaran duniya a baki. In ya ga ana sakin wuta sai ya ce siddabaru ne. In aka ce ya shiga fili sai ya dafe ciki ya ce murɗa ta taso. Da Gohan ya gama da Cell kuwa, sai Hercule ya fito gaban kyamara ya ce shi ya yi aikin, duniya kuma ta yarda. Duba jerin uzurorinka ka gani ko ba jini ɗaya ba ne. Ran nan ka ce sandar hannunka ta saki. Aka musanya muku, yaron ya karɓi mai sakin ya doke ka da ita. Ka ce hasken rana yana dukan gilashin talabijin. Aka saki labule. Ka ce inji yana rawa, hoton yana tsalle, kamar a gefenka kaɗai yake tsallen. Ka ce sauron fadama ya cije ka a daidai lokacin. Ka ce ka wuni kana dashe, hannunka ya mutu, alhali ranar Juma'a ce ba ka je gona ba. Da uzuri ya ƙare sai ka tashi ka karkaɗe riga ka ce dama wasan yara ne, kai ƙwallo kake bugawa. Makaho ya rasa ido ya ce ido wari gare shi.

Na kuma ji kana atisaye a ɓoye. Wai ka sa an tura maka manhajar gem ta PPSSPP a waya, kana shiga gidan sauro da dare kana gwabzawa da kwamfuta har caji ya ƙare. Madalla da himma. Sai dai gilashin waya ba shi da sanda, kuma kwamfutar ka sa ta a mataki mafi sauƙi, wanda ko ka ajiye wayar ka je ka yi alwala ka dawo za ka tarar ba ta gama da kai ba. Nasarar da kake kirga wa matarka da safe ke nan.

Sabon abin da ka fake da shi yanzu shi ne wai tsohon faifai ne matsalar, a bari PlayStation 5 ta zo Auyo a ga aiki. To bari in rage maka zumuɗi. Sabon, Dragon Ball: Sparking! Zero, ya fito ranar 11 ga Oktoba, 2024, da mayaƙa 182, kuma kamfanin Bandai Namco ya ce an sayi kwafi sama da miliyan 3 cikin awa 24 na farko. Kyakkyawa ne ƙwarai, duwatsu na farfashewa, sama na canza launi. Amma gamon wutarsa ya fi na da neman natsuwa. An shigo da auna lokaci a ciki, a danna daidai inda ake so, ba da wuri ba, ba a makare ba. An kuma ba mutum damar ƙara wa wutarsa ƙarfi da fawar da ya ajiye. Wanda ya shigo da ma'auni cike yana da abin ƙarawa. Wanda ya riga ya rabar da tasa ga duwatsu ba shi da shi, wanda kuma ya zazzage duka a gamo ɗaya zai fito fanko ko da ya ci. Ka ga ke nan abubuwa biyun da aka gina sabon a kansu, haƙuri da ajiya, su ne daidai biyun da ba ka da su. A tsohon faifai ƙarfin damtse yana ɗan rufa maka asiri wani lokaci. A sabon, tsirara za ka fito, kuma da hoto mai kyau.

Kada masu karatu su ɗauka taubashin nawa ba shi da amfani gaba ɗaya. In ana maganar tura kwalekwale cikin kachalla, ko jefa koma inda tarwaɗa take kwance, ban san na biyunsa ba. A daren da ruwa ya taso wa garinsu, yana cikin samarin da suka kwana suna ɗibar buhunan ƙasa suna tare jinga, bai ce hannunsa ya gaji ba, bai ce sauro ya cije shi ba. Mutumin da ya iya tsayawa gaban kogi da haƙuri haka, abin kunya ne a ce hasken talabijin ne yake fitar da shi daga hayyacinsa. Shi ya sa ban fid da rai da kai ba. Kayan aikin suna nan a jikinka, a bakin ƙofar gidan gem kake tuɓe su tare da takalmi.

Saboda haka ga hukuncin ubangida. Watan Cika-ciki yana tafe, kuma na san ka riga ka fara lissafin kuɗin sharar da za ka zo karɓa a wurina, kamar yadda ɗan mace ya saba. Bana ba a banza za ka same su ba. Zan zo Auyo da kaina ranar kasuwa, mu zauna a benci ɗaya. Kai za ka zaɓi hannun da kake so, ka gwada sandarsa gaban shaidu. A saki labule, a cika inji da mai, a kunna maganin sauro, kuma ka huta da dashe tun jajibiri. Mai shayin da ka sa ya yi asarar buta shi ne alƙali. Gamo uku za mu yi. In ka ci biyu, na ninka maka kuɗin shara, na kuma rubuta a wannan shafi da manyan baƙaƙe cewa Auyo ta haifi namiji. In ka ci ɗaya tak, ka karɓi kuɗinka yadda aka saba, mu rabu lafiya. In kuwa ka tashi a tutar babu, to za ka ɓamɓare hoton nan daga bayan babur, ka kawo mini kwandon bandar kifi har gida Hadejia, sannan ka je ka durƙusa gaban Gwaggo ka faɗa mata gaskiyar fartanyar da ta yi maka bororo.

Ka taho da man kaɗanya a aljihu. Duk wannan karatun da na yi maka, na san da tafin hannu za ka murza.

Naka har kullum,
Ubangidanka, ɗan Kawu, daga Hadejia.